Magani da Hasken Leza

Yawancin mutane in sun ji an ambaci leza, abin da ya kan faɗo musu a rai shi ne haske mai ƙuna, irin wanda a ke yanka ƙarfe da shi, ko wanda likitoci su ke aikin ido da shi. Amma akwai wani iri mai rauni ƙwarai, wanda ba ya yanka, ba ya ƙona. Da shi ne a ke haska wa majinyaci wurin da ke masa ciwo, domin zogi ya ragu, ko miki ya yi saurin warkewa.

A shekarar 1960 ne wani masani a Amurka, mai suna Theodore Maiman, ya ƙera leza ta farko, da sandar yaƙutu. Bayan shekara bakwai, watau a 1967, wani likitan tiyata a Budapest, babban birnin Hangari, wanda a ke kira Endre Mester, ya tashi binciken abin da wannan sabon haske zai yi wa jikin dabba. Ya aske gashin bayan waɗansu ɓeraye, ya raba su kashi biyu, ya haska wa kashi ɗaya, ya bar ɗayan. Lezarsa kuwa ba ta da ƙarfin da za ta ƙona su. Sai ya ga gashin waɗanda a ka haska wa ya riga na sauran tsirowa. Daga nan ya gwada a kan miki, sa'an nan a kan mutane masu gyambon da ya ƙi warkewa. Asalin wannan magani ke nan.

Hasken da a ke amfani da shi ja ne, ko kuwa wani da ke gaba da ja kaɗan, wanda ido ba ya gani. Ƙarfinsa ba ya kan wuce rabin wat ba, alhali ƙwan lantarki irin na dā da a ke sa wa a ɗaki ya kan kai wat 60. Saboda haka ba gashi ba ne, ba kuwa sakiya ba ce. Mai jinya ya kan ɗora bakin na'urar a kan fata, ya riƙe daƙiƙa kaɗan ko minti kaɗan, sa'an nan ya matsa gaba. Majinyaci ba ya jin zafi. A kan maimaita sau biyu ko uku a mako, har makonni.

To, in ba zafi, me ke aikin? A cikin ƙwayoyin halittar jiki akwai waɗansu ƙananan abubuwa da a ke ce da su mitokondiriya. Su ne kamar murhun ƙwayar, a nan ne abinci ya ke juyewa ya zama ƙarfi. Yawancin masana sun ɗauka cewa wani sinadari a cikinsu shi ke shan jan hasken, sai aikin ƙwayar ya ƙaru, kumburi ya ragu. Amma hasken ba ya shiga jiki da nisa, fata da nama su kan shanye mafi yawansa. Har wa yau, sai an yi awo daidai, kamar gishiri a miya. In ya yi kaɗan ba ya kome, in ya yi yawa amfanin ya tafi.

Likitoci ba su kan yarda da magani don an ce wane ya sha ya warke ba. Sai an raba majinyata biyu, a yi wa waɗansu da na'ura ta gaske, waɗansu kuma da wadda ba ta ba da hasken, ba tare da sun sani ba, a ga bambanci. A 2009 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani nazari da ya tattara gwaji 16, na majinyata 820 masu ciwon wuya, ya nuna hasken ya rage musu ciwo. Inda shaida ta fi ƙarfi kuwa shi ne miki na cikin baki, wanda ke kama masu ciwon daji sa'ad da a ke musu magani mai ƙarfi, har ci da sha su gagare su. A 2018 hukumar da ke tantance hanyoyin magani a Ingila, watau NICE, ta yarda a yi amfani da shi domin wannan. Game da ciwon baya da gyambo, gwaje-gwajen ba su zo daidai da juna ba. Watau abin da Mester ya fara yi wa mutane, a nan ne har yanzu masana su ke gardama.

Akwai abin lura biyu. Na fari, hasken leza ko mai rauni ne yana iya ɓata ido, don haka majinyaci da mai jinya duka su kan sa tabarau na musamman. Na biyu ya fi wannan nauyi. Ciwo alama ne, yana nuna akwai abin da ya sami jiki. Wanda ƙashinsa ya tsage, ko mai ciwon sukari da gyambo ya kama ƙafarsa, in ya sayi na'ura a kasuwa ya zauna gida yana haskawa, zai yi hasarar kuɗi, cutar kuma ta yi nisa kafin ya isa asibiti. Masu sayar da irin waɗannan na'urori su kan ce suna maganin kowace cuta, gwaji kuwa bai nuna haka ba. Abin da ya kamata shi ne likita ya fara duba majinyaci, ya san abin da ya kawo ciwon. In ya ga hasken zai taimaka, sai ya haɗa shi da motsa jiki da sauran magani.