MAƘERAR DA KE CIKIN JIKI: MAITOKONDIRIYA DA HAWAN JINI

Ƙira tsohuwar sana'a ce a gindin Dala. Binciken masu tonon ƙasa ya nuna cewa ana narka tama a wannan wuri tun wajen ƙarni na 7 na Miladiyya, kuma masu ruwayar tarihi sukan danganta sunan Ƙofar Mazugal da zuga-zugin maƙeran da suka zauna a yankin. Kowane maƙeri ya san cewa in ba a zuga iska ba gawayi ba ya ci, in kuwa aka zuga dole ne tartsatsi ya tashi. To, irin wannan aiki yana gudana dare da rana a cikin jikin kowane mai rai, kuma masana sun gano yana da hannu a cutar hawan jini.

Mece ce maitokondiriya?

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya iya gani sai da madubin likita. A cikin kusan kowace ƙwaya akwai wasu ƙananan jakunkuna da ake kira maitokondiriya. Abincin da muka ci shi ne gawayinsu, iskar oksijin da muka shaƙa ita ce zugarsu, abin da suke ƙerawa kuwa shi ne sinadarin ATP, wanda da shi zuciya ke bugawa, ƙwaƙwalwa ke tunani. Saboda yawan aikin zuciya, kusan kashi ɗaya bisa uku na kowace ƙwayar tsokarta maitokondiriya ce.

A yayin wannan ƙuna, wasu ilektaron kaɗan sukan kuɓuce su faɗa wa oksijin, sai su haifar da wani sinadari mai ɓarna da ake kira suparoksaid. Wannan shi ne tartsatsin. Allah da ikonsa ya tanadar wa jiki masu kashe shi. A 1969 Joe McCord da Irwin Fridovich suka gano inzayim ɗin SOD, wanda ke lalata suparoksaid, kuma nau'insa da ke zaune cikin maitokondiriya shi ake kira SOD2. Idan tartsatsi ya fi ƙarfin masu kashe shi, sai ya shiga cin kitse da furotin da ma kundin gado na ƙwayar, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Wannan hali, wanda Bajamushe Helmut Sies ya fayyace a 1985, za mu iya kiransa rinjayen tsatsa a jiki.

Ina alaƙarsa da hawan jini?

Jijiyar jini ba bututun roba ba ce, tana da tsoka mai tsukewa da saki. Shimfiɗar da ke cikinta tana fitar da iskar naitirik oksaid, wadda ke umurtar tsokar ta saki domin jini ya wuce cikin sauƙi. Gano wannan ne ya sa aka ba Furchgott da Ignarro da Murad kyautar Nobel a 1998. Matsalar ita ce suparoksaid yana cafke naitirik oksaid nan take ya hallaka ta. Saƙon saki ba ya isa, jijiya ta ci gaba da tsukewa, zuciya kuma ta dinga tura jini da ƙarfi ta ƙuntatacciyar hanya. Idan awo ya tsaya a 140 bisa 90 ko sama da haka, an kamu da hawan jini ke nan.

Aikin Dakta Dikalov

Tun 1994 Kathy Griendling ta Jami'ar Emory a Amurka ta nuna cewa anjiyotensin II, sinadarin da ke ɗaga jini, yana sa ƙwayoyin jijiya su ƙara fitar da suparoksaid. Tambayar da ta rage ita ce, wane rabo maitokondiriya ke da shi a ciki? A kan wannan ne Dakta Sergey Dikalov ya duƙufa, da fari a Emory, daga baya a Jami'ar Vanderbilt da ke Nashville.

A 2010 shi da Anna Dikalova da David Harrison da sauran abokan aikinsu suka buga sakamakon wani gwaji. Sun ɗura wa ɓeraye anjiyotensin II har jininsu ya hau, sannan suka ba su wani sinadari mai suna mitoTEMPO, wanda aka ƙera musamman domin ya kutsa cikin maitokondiriya ya kashe suparoksaid a inda yake tasowa. Jinin ɓerayen ya sauka da kimanin maki 30. Haka kuma ɓerayen da aka ƙara wa yawan SOD2 jininsu bai hau sosai ba. Binciken ya kuma nuna wata muguwar zagayawa: tartsatsin da ke tashi a wajen maitokondiriya yana tunzura na ciki, na ciki kuma ya koma ya ƙara rura na waje.

A 2017 suka ƙara gaba. Sun gano cewa a jikin masu hawan jini SOD2 yana nan, amma an ɗaure masa hannu, domin inzayim ɗin Sirt3 mai kwance shi ya ragu. Sirt3 kan ragu da tsufa, kuma a 2019 suka nuna a jikin ɓeraye cewa hayaƙin taba yana dagula wannan tsari.

To, sai a sha bitamin?

Mai karatu zai iya cewa, tun da haka ne, sai a sayi ƙwayoyin bitamin masu maganin tsatsa a huta. Ba a nan gizo ke saƙar ba. A wani babban gwaji mai suna HOPE da aka buga a 2000, an bi mutum fiye da 9,000 har tsawon shekara huɗu da rabi, aka tarar bitamin E bai rage bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba. Masana suna ganin ɗaya daga dalilan shi ne bitamin ba ya taruwa a inda ɓarnar ke faruwa. Ban da haka, jiki yana bukatar ɗan tartsatsi, domin da shi fararen ƙwayoyin jini ke kashe ƙwayoyin cuta. Shi kuwa mitoTEMPO, sakamakonsa na ɗakin gwaji ne, bai zama maganin da likita zai rubuta ba.

A nan gida

Masananmu ba su zauna 'yan kallo ba. Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya yi nazarin ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, kuma a 2015 shi da abokan aikinsa suka ruwaito ƙarancin siliniyom a jinin yawancin waɗanda suka auna. Siliniyom kuwa jigo ne a cikin wani inzayim mai kashe tsatsa. A 2019 kuma aka buga gwajin CREOLE, wanda Dakta Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, tare da Farfesa Mahmoud Sani na Kano. Gwajin ya nuna cewa haɗin magungunan da ke da amlodifin a ciki ya fi saukar da jinin baƙar fata.

Kammalawa

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum biliyan 1.3 ke da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su sani ba, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta gaza. Kafin sabon magani ya iso, abin da ke hannunmu ba kaɗan ba ne. A rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5 a yini, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, a tuna cewa magi da kanwa su ma suna ɗauke da sodiyom. A yawaita zogale da alayyahu da 'ya'yan itace, a motsa jiki, a guji taba. Wanda likita ya ɗora a kan magani kada ya bari don ya ji sauƙi.

Ku kuma ɗalibai, ku ja hankalin iyayenku su riƙa zuwa awon jini, domin rigakafi ya fi magani. Malamai kuwa su nuna wa yara cewa darasin maitokondiriya ba na haddar jarrabawa kaɗai ba ne. Wataƙila a cikin masu karanta wannan shafi akwai wanda zai ɗora daga inda su Dikalov da Karaye suka tsaya.