Hoton da aka ce in goge

Wata Asabar cikin damina, bayan an ɗauke ruwa, na tsuguna a bakin kwalbatin unguwarmu na ɗauki hoto da wayata. Ba mutum a ciki, ba mota. Inuwar wani shago mai shuɗin fenti da ta bishiyar darbejiya ne suka faɗa cikin ruwan da ke gudu, suka lanƙwashe, suka zama zane-zane kamar na atamfa. Da na nuna wa ƙanwata, sai ta ce, "Yaya, wannan ai ya lalace. Goge shi ka ɗauke ni."

Ban goge ba. Akwai masu ɗaukar hoton da ba su damu a gane abin da suka ɗauka ba, launi da siffa kawai suke farauta. Ɗaya daga cikinsu shi ne Ernst Haas, haifaffen birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, wanda ya shahara da ɗaukar inuwar abubuwa da motsinsu. A 1962 babban gidan nunin fasahar zamani na birnin New York ya ware masa baje koli shi kaɗai, na hotuna masu launi, a zamanin da manyan sana'ar ke raina duk hoton da ba baƙi da fari ba.

To, me ya sa ruwa ke yin wannan zane? Ku tuna darasin haske a ajin fiziks: yadda haske ya karkata ya faɗi a kan madubi, haka zai karkata ya tashi. Masani Ibn al-Haisam ya yi bayanin wannan dalla-dalla a Kitabul Manazir, wanda ya rubuta a Alƙahira shekara dubu da suka wuce. Ruwan da ke kwance madubi ɗaya ne. Da zarar ya motsa, kowace 'yar igiyar ruwa ta zama madubi mai zaman kansa, wannan na kallon sama, wancan na kallon bango. Shi ya sa sandar lantarki miƙaƙƙiya ke komawa maciji.

Ga abin da ya daɗe yana ba ni wahala. Idan ka tsaya a kan ruwa ka kalle shi kai tsaye, kusan kashi 2 cikin 100 kacal na hasken yake maido maka, don haka laka da leda za ka gani. Amma in ka tsuguna, ka sauke wayar dab da ruwan kana hangen nesa, sai ya koma madubi sosai. Na fi wata guda ina zargin wayata, ashe tsayuwata ce matsalar.

Lokaci ma yana da nasa. Da hantsi ko bayan la'asar, nemi wurin da rana ke haska bango ko bishiya, shi kuwa ruwan yana cikin inuwa. Da tsakar rana ƙyalli kawai za ka samu. In kyamarar wayarka tana da sashen Pro, nemi harafin S, wato saurin buɗewa da rufewar idon kyamara. A 1/1000 na sakan ruwan zai daskare, zanen ya fito da kaifi. A 1/15 launukan za su narke cikin juna, sai dai dole ka jingina hannu a kan dutse. Ni na fi son mai kaifin.

Amma fa kada wani ya ce na aike shi kogi. Kowace damina ana rasa yara a kududdufai da rafuka, ga tsargiya da ake ɗauka ta hanyar shiga irin wannan ruwa. Tsaya a busasshiyar ƙasa, kuma kada ka je kai kaɗai.

Hasali ma ba sai ka fita ba. Cika baho da ruwa a tsakar gida, ajiye shi a inuwa, shanya atamfar Umma a igiya inda rana ke dukanta, amma da izininta. Sa wani ya riƙa kaɗa ruwan da yatsa a hankali. Haka muka yi da ƙanwar tawa makon jiya. Cikin hotuna arba'in, biyu ne suka yi kyau, kuma ɗayan ita ta ɗauka.