Kafin a Kwance Rufin Tsohuwar Land Rover, Uwargida Ki Sa Baki

Uwargida, idan akwai tsohuwar Land Rover a gidanku, wata rana za ki ji maigida ko samarin gida suna shawarar cire rufinta, don a sha iska ranar Sallah ko a ɗauko amfanin gona daga ƙauye a shigo da shi ta Ƙofar Kware. Kada ki ce ba ruwanki, domin 'ya'yanki ne za su yi rububin hawa baya.

Wannan mota da aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, da noti aka ɗaure rufinta, shi ya sa yake kwantuwa. Amma aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Za a fara cire wayar fitilar ciki, a kwance notocin saman gilashin gaba da na gefe, a tara su a gwangwani, sannan manya huɗu su ɗaga a ɗora kan tsofaffin tayoyi. A lokacin, ki tsare yara a cikin gida.

Babban haɗarin yana bayan an cire. A wasu motocin, a jikin rufin ake ɗaure bel ɗin kujera. Idan mota ta kife, babu abin da zai kare kai. Ga zafin Sakkwato da ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ga ƙurar hunturu mai tayar da asma.

Don haka ki kafa sharaɗi tun yanzu: motar da ba rufi ta ɗauki buhun gero, amma ban da yaranki.