Matsayin Kurmi a Wasan Binciken Kisan Kai na Talabijin

A shekarar 2007 gidan talabijin na ƙasar Danmak ya nuna wani wasan kwaikwayo mai suna Forbrydelsen, watau "Laifin". Wasan kashi 20 ne, kowane kashi yana ɗauke da yini guda na binciken kisan wata budurwa, Nanna Birk Larsen. An fara shi ne da nuna ta tana gudun ceton rai da dare, cikin wani kurmi a bayan birnin Kwapanhagan.

Abin lura a nan shi ne, kurmi ba shi da maƙwabta, balle shaidu. Saboda haka jami'ar 'yan sanda Sarah Lund ba ta da wanda za ta tambaya, sai bin sawu kamar maharbi. Da fari aka tsinci tufafi masu jini da wani kati mai sunan mahaifin yarinyar, sa'an nan aka tsamo mota daga wata babbar magudanar ruwa, da gawar a cikinta.

Ashe motar ta ofishin wani ɗan takarar magajin gari ce. Ta haka kurmin da aka so ya rufa asiri ya mai da binciken tsakiyar birni, har cikin zauren majalisa.