Uwargida, dasa lallenki da hannunki

Kwanan baya wata uwa ta shigo kantin maganinmu da 'yarta. Bayan hannun yarinyar duk ya yi ƙuraje masu ruwa, daidai inda zanen ƙunshi ya bi. Baƙin lalle aka yi mata a gidan biki. Ganyen lalle na gaskiya ja yake kamawa, ko ruwan goro. Idan kika ga ya fito baƙi wuluk cikin ɗan lokaci, yawanci an haɗa shi da sinadarin PPD na rinin gashi, wanda kan ƙona fata, kuma jikin da ya taɓa ƙin sa yakan ci gaba da ƙin sa har abada.

Shi ya sa nake ba ki shawarar ki dasa naki. Lalle ba ya da wuyar sha'ani. Ki samo reshe lafiyayye, kamar kamu ɗaya, ki cire ganyen ƙasa, ki soka shi a ƙasa mai yashi da aka gauraya da ruɓaɓɓen taki. Farkon damina ya fi dacewa. Rana yake so sosai, kada ki ɓoye shi a bayan katanga.

Idan a Legas ko Fatakwal kike, ruwa ne abokin gabarsa. In ya kwanta a gindinsa, saiwar ruɓewa take yi. Ki huda gindin babban bokiti, ki zuba tsakuwa kafin ƙasa, ko gidan haya ne kin samu lambu. Masu zaune a Abuja ko Kaduna kuwa, ku riƙa ba shi ruwa sau ɗaya ko biyu a mako da rani, in ba haka ba hunturu zai kaɗe masa ganye.

Ki riƙa datse kansa, domin sabon toho ya fi kama fata, tsohon reshe kuma ƙaya yake yi. Amma ni nakan bar gefe guda ban taɓa ba, saboda furen. Ƙanana ne farare, a dunƙule, kuma da maraice ƙamshinsu kan cika tsakar gida har ki manta da turaren wuta. Ganyen da kika tsinka ki shanya a inuwa, ki daka, ki tankaɗe.

Sai dai ki kula da jarirai. Ko lallen gida ne, kada a shafa musu. Akwai yaran da ake haifa da ƙarancin sinadarin G6PD a jini, abin da ya yawaita a Najeriya, musamman ga maza, kuma ba a ganewa sai an yi gwaji. Lalle kan ratsa fatar irin waɗannan jarirai ya farfasa jajayen ƙwayoyin jininsu. Idan an riga an shafa, kika ga idon yaro ya yi rawaya kamar mai shawara, fitsarinsa ya yi duhu, ko ya daina kama nono, ki wanke lallen, ku tafi asibiti a ranar.