Darma da Harsashin Maharbi a Dajin Birnin Gwari



Kalmar harsashi aro ce daga Larabci, kuma asalin ma'anarta darma. Haka nan bindiga da albarushi, duk daga Larabci muka samo su. Ashe tun a suna an faɗa mana abin da ake zuba harsashi da shi.

Dalilan zaɓen darma biyu ne. Na farko, tana narkewa a zafin digiri 327, alhali ƙarfe sai ya haura 1,500, saboda haka wutar gawayin maƙera ta ishe ta. Na biyu, tana da nauyi, wato ɗan ƙanƙanen dunƙule yakan kai nesa da ƙarfinsa.

To, maharbin Birnin Gwari ta baki yake ɗura bindigar toka, kuma kowane ɗuri harbi ɗaya ne. Wanda ya kuskure, kafin ya sake ɗuri nama ya yi nisa. Wannan shi ya koya wa maharba haƙuri da sanɗa.

Amma zamani ya juya. A 1999 dajin Kamuku ya zama gandun dajin ƙasa, inda doka ta hana farauta. Daga baya 'yan fashi masu AK-47 suka mamaye dazuzzukan yankin, har suka kashe mutum fiye da 40 a ƙauyen Gwaska a watan Mayu na 2018. 'Yan sa-kai da yawa bindigar toka suka ɗauka don tsare garuruwansu. Jama'a, makamin da aka ƙera domin gada da barewa, ina zai iya da mai harsashi 30 a ɗuri guda?