Hukuncin kotu kan bashi: Tabon da ke bin mutum bayan an tashi daga shari'a

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. A da, maganar rance takan tsaya ne tsakanin mutum biyu da shaidunsu, in ta yi tsami a kai ta gaban mai unguwa ko alƙali, a sasanta. Yau lamarin ya sauya. Bashin da ya kai ga hukuncin kotu yana iya rufe wa mutum asusunsa na banki, ya kai kayansa gwanjo, sannan ya bar masa tabo a rumbun bayanan masu ba da rance, tabon da zai bi shi shekaru bayan an manta da shari'ar. Jama'armu da dama ba sa sanin haka sai aski ya zo gaban goshi.

Sau da yawa ɓarnar takan faro daga ranar da aka kawo sammaci. Akwai masu ganin cewa ƙin karɓar takardar kotu, ko ƙin halartar zama, zai sa maganar ta mutu. Akasin haka ne ke faruwa. Idan kotu ta gamsu cewa an isar da sammaci yadda doka ta tanada, tana da ikon yanke hukunci a bayan idon wanda ake ƙara. A manyan kotunan jihohi ma akwai hanya ta musamman ta sauraron ƙarar bashin da adadinsa ke a fayyace: idan wanda ake ƙara bai shigar da takardar rantsuwa da ke nuna yana da kariya ba, sai a ba mai ƙara hukunci ba tare da doguwar shari'a ba. Haka nan kotunan ƙananan basussuka, waɗanda Jihar Legas ta fara a 2018, Kano ta biyo baya a 2019, an tsara su ne domin a kammala shari'a cikin kimanin kwana 60. Wanda ya yi shiru ya yarda da lissafin da aka gabatar a kansa ke nan, ko da an cusa kuɗin ruwa da tarar da bai san da su ba.

Da zarar an yanke hukunci, doka ta ba mai bin bashi hanyoyin karɓar haƙƙinsa. Wadda aka fi bi a yau ita ce wadda lauyoyi ke kira ganishi, wato umarnin riƙe kuɗin mutum da ke hannun wani, galibi banki. Kotu takan fara bayar da umarnin wucin gadi, bankin ya riƙe kuɗin, kuma dole a isar da kwafin umarnin ga bankin da wanda ake bi aƙalla kwana 14 kafin ranar zama. Idan ba a kawo dalilin hanawa ba, sai umarnin ya zama tabbatacce, a miƙa kuɗin. Hanya ta biyu ita ce kama kadara. Ma'aikatan kotu kan fara da kayan da ake iya ɗauka, kamar mota ko hajar shago. Ba a taɓa gida ko fili sai waɗancan sun gaza, kuma sai da izinin kotu.

A nan ya kamata a gyara wata fahimta da ta yi katutu. Bashi tsantsa ba laifi ba ne da za a tsare mutum a ofishin 'yan sanda saboda shi. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 duka sun hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya ko rikicin da ba na laifi ba kawai. Sai dai idan akwai zamba a ciki, wannan wata magana ce daban. Mai bin bashin da ya ɗauki jami'in tsaro a matsayin ɗan karɓar bashi, shi ma yana iya tsintar kansa a gaban alƙali.

Ɓangaren da aka fi jahilta shi ne abin da ke faruwa da sunan mutum. A watan Mayun 2017 Farfesa Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya sanya hannu a kan dokar da ta tsara tattara bayanan bashi a Najeriya. Akwai kamfanoni uku masu lasisin Babban Bankin Najeriya da ke wannan aiki: CRC Credit Bureau, FirstCentral da CreditRegistry. Bankuna da ƙananan bankuna da sauran masu ba da rance suna aika musu bayanin wanda ya ci bashi, nawa ya ci, da yadda yake biya. Babban Bankin ya wajabta wa bankuna su duba rahoton aƙalla biyu daga cikin kamfanonin kafin su ba da rance. A ƙa'idar banki, rancen da ya wuce kwana 90 ba a biya ba ya shiga sahun masu matsala. Ma'ana, tun kafin a je kotu sunan mutum ya riga ya ɓaci, hukuncin kuma ya zo ya buga masa hatimi. Tunda lambar BVN ta haɗe dukkan asusun mutum, sauya banki ko barin gari ba ya goge komai.

Ƙari a kan wannan, tun daga 1 ga Agustan 2020 aka fara aiki da tsarin GSI, wanda ya ba bankin da ke bin mutum damar cire uwar kuɗi da kuɗin ruwan da ya taru daga asusunsa na wasu bankunan, bisa amincewar da ya sa wa hannu lokacin karɓar rancen. Wannan ba ya buƙatar zuwa kotu. Masu tsaya wa wasu su ma su lura: sa hannu a matsayin garanto alkawari ne na biya idan mai bashin ya gaza, kuma kotu na iya yanke hukunci a kan mai tsayawar kamar yadda za ta yanke a kan wanda ya ci kuɗin. Zumunci ya jefa ma'aikata da yawa cikin wannan rami.

To wanda hukunci ya riga ya hau kansa, me ya rage masa? Abu na farko, ya je wurin magatakardan kotu ya karɓi kwafin hukuncin, ya san adadin da aka yanke da kuɗin ruwan da zai ci gaba da hawa. Idan a bayan idonsa aka yanke, musamman idan sammaci bai iso gare shi ba, yana iya roƙon kotun da ta yanke ta jingine hukuncin, amma sai ya hanzarta, ya kuma nuna yana da abin cewa. Idan kuwa ɗaukaka ƙara zai yi, wata uku doka ta ba shi daga babbar kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Ya sani cewa ɗaukaka ƙara ita kaɗai ba ta dakatar da aiwatar da hukunci. Dole ya nemi umarnin dakatarwa daban.

Idan bashin gaskiya ne, hanyar da ta fi sauƙi ita ce sulhu. Kotu na da ikon amincewa a biya kashi-kashi, kuma mai bin bashi mai hankali ya san cewa gwanjo ba kasafai yake fitar da darajar kaya ba. Duk abin da aka daidaita a kai a rubuta shi, a shigar da shi gaban kotu. Ba baƙon abu ba ne a gare mu, domin aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take magana. Bayan an gama biya, a karɓi takardar shaidar kammalawa daga mai bin bashin, a aika kwafinta ga kamfanonin nan uku. Doka ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, da damar ƙalubalantar bayanin da ba daidai ba. Biya ba ya shafe tarihin nan take, amma akwai bambanci mai yawa tsakanin rahoton da ya nuna an biya a makare da wanda ya nuna har yau ana bi.

Hukumomi ma da nasu aikin. A Ingila da Wales, hukuncin kotu kan bashi yana zama a rajistar jama'a har shekara 6, amma wanda ya biya duka cikin wata ɗaya ana cire sunansa gaba ɗaya, wanda ya biya daga baya kuma a rubuta cewa ya sauke. Wannan tsari yana zaburar da mai bashi ya biya da wuri, yana kuma amfanar mai bi. Ya dace majalisa ta yi mana tanadi makamancin wannan a fili. Haka kuma dokar aiwatar da hukunci da muke amfani da ita ta tsufa ƙwarai: ta keɓe tufafi da shimfiɗa da kayan sana'ar mai bashi daga kamu, amma ta ƙayyade darajarsu a Naira 10. Da wannan adadi, tela zai iya rasa kekensa, ya rasa hanyar da zai biya sauran bashin. Sannan a riƙa hukunta bankin da ya karɓi kuɗinsa amma ya yi sakaci wajen gyara bayanin abokin hulɗarsa.

Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar CREDICORP a 2024 domin faɗaɗa sayen kaya bashi ga ma'aikata, a shekarar kuma aka fara ba ɗalibai rancen karatu ta asusun NELFUND. Alƙiblar ƙasar a bayyane take: nan gaba, samun jari ko gida ko abin hawa zai ƙara dogara ne a kan tarihin biyan bashin mutum. Saboda haka ɗalibi da ma'aikaci da ɗan kasuwa, kowa ya nemi rahotonsa ya duba tun bai buƙaci rance ba, domin ba a fafa gora ranar tafiya. Wanda kuma sammaci ya iso ƙofarsa, ya karɓa, ya nemi shawarar lauya, ya je kotu ranar da aka sa.